Ɗaki mun samu, amma ina babur zai kwana?

Da yawanku kun san mu, ko da ba ku riƙe sunayenmu ba. Mu ne ɗaliban jami'ar nan da akan turo makarantunku koyon aikin koyarwa, waɗanda kuke kira 'yan TP, ku gwada haƙurinmu a makon farko, ku nemi lambar wayarmu a makon ƙarshe. Kuna ganinmu da safe cikin kaya a goge da alli a hannu, amma ba ku cika sanin inda muka kwana ba, balle wuyar da muka sha kafin mu samu makwancin. Yau labarin da muka zo muku da shi ke nan.

Mu uku ne, 'yan aji uku a Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Bayero da ke Kano, kuma dukanmu a cikin birni muka tashi. A watan Satumba muka samu gurbin koyarwa na makonni 12 a ƙasar Ɗambatta, arewa da Kano, a kan hanyar da ta nufi Kazaure da Daura. Ɗayanmu an ba shi makarantar da ke cikin wani ƙauye, sauran biyun kuma wata makarantar da ke gaba da kamar kilomita 5, ta hanyar burji da rairayi. Batun zuwa da dawowa kullum daga Kano bai ma taso ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma daga nan sama ta ci gaba da yi. Da muka buga lissafi, sai muka ga kuɗin mota kaɗai zai cinye guzurinmu tun wata bai raba ba. Muka yanke shawarar kama ɗaki a can, mu nemi babur da zai riƙa kai mutum biyu ɗaya makarantar.

Babur ɗin kuwa mun samu: wani jan Boxer na yayan ɗayanmu, wanda dukanmu muke kira Yaya. Da adashi ya saye shi. Da ya samu tuƙin adaidaita sahu sai ya jingine shi a soro, da niyyar ya sayar a ƙarshen shekara ya haɗa lefe. Wato akwatunan auren mutum muka karɓo aro. Ranar da zai miƙa makulli sai da ya tara mu, ya ɗaga yatsu uku. Ya ce, "Na farko, kada ya kwana a waje. Na biyu, kada ku ba kowa aro, ko limamin garin ne. Na uku, babu hawan dare." Muka ce mun ji, mun yarda. A zuci kuwa dariya muke yi wa sharaɗin farko. Ƙauye fa za mu je, inda fili ba ya ƙarewa.

Rashin sani ya fi dare duhu.

Mun fara ne da cikin garin Ɗambatta, don a nan ne ake da ɗakunan haya irin na ɗalibai, saboda makarantu kamar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako. Waɗanda muka gani masu kyau duk an kama, sauran kuma masu su kuɗin shekara suke so a dunƙule, mu kuwa wata uku za mu yi. Muka wuce ƙauyen. Shugaban makarantar ya tausaya mana, ya ba mu wani ɗakin ajiyar littattafai mu kwana na kwana uku, muna tura babur cikin aji da daddare, mu fito da shi kafin yara su zo shara. Ya ce bayan nan sai mu san inda dare ya yi mana, don ba shi da ikon mayar da makaranta masauki. Gaskiyarsa ce.

Da yammacin ranar farko muka zauna wurin mai shayi muka bazama cigiya. A ƙauyen babu dillalin gidaje, babu allon da aka rubuta "akwai ɗakin haya". Wani saurayi ya ce ya san wurare, muka ba shi naira 500 ya sa kati, ya shige mana gaba.

Wuri na farko shago ne mai ƙofa a bakin hanya. Tabarma uku za ta shiga da ƙyar. Mai shi ya ce ai sai mu riƙa shigar da babur ɗin mu kwana tare, haka wasu suke yi. Muka dubi juna. Taga ɗaya ce 'yar ƙarama, ga tankin fetur a kusa da kai, ga maganin sauro na kunnawa, don lokacin damina ba ta gama tafiya ba. Muka yi godiya muka fita.

Wuri na biyu ɗaki ne mai kyau a wani babban gida na ƙasa, an yi masa daɓen siminti. Matsalar ita ce zauren. Ƙofarsa ƙunci gare ta, kuma dokin ƙofar ya kusa kai gwiwa, an ɗaga shi ne don kada ruwan sama ya kwararo ciki. Muka ce za mu riƙa ɗaga babur ɗin mu uku. Maigidan, wani dattijo mai kaurin murya, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗaki dai ga shi nan. Mashin kuwa ba zai kwana a zaurena ba." Muka ce za mu ƙara kuɗi. Ya ce ko nawa ne. Mun bar ƙofar gidan nan muna gunaguni, muna cewa mutanen ƙauye ba su da kara.

Wuri na uku gidan bulo ne sabo, da get na ƙarfe da tsakar gida da za ta ɗauki mota biyu. Mai shi ɗan garin ne da ke kasuwanci a kudu. Har mun fara murna, sai mai kula da gidan ya buɗe mana ɗakunan: buhunan sabon gero ne tun daga ƙasa har rufi. Wani ɗan kasuwa ya riga ya kama gidan gaba ɗaya yana tara hatsi, sai farashi ya tashi ya kai Dawanau.

A kan hanyar komawa makaranta ne muka fara buɗe ido. Muka nuna wa saurayin wani fili a bayan gidaje, muka ce ko za a bar mu mu kafa 'yar rumfa a can mu sa ƙofa. Ya yi dariya ya ce masussuka ce, nan da 'yan kwanaki mata za su cika ta. Wancan lungun fa? Jujin gidan wane ne, nan yake tara takin da zai kai gona da bazara. Gindin waccan bishiyar fa? Turken shanun huɗa ne. Duk inda muka nuna, akwai mai shi, akwai aikinsa. Dawa ta tsaya har jikin katangar gidaje, a ƙarƙashinta wake da gyaɗa, ko hanyar da muke bi ɗan siririn layi ce tsakanin gona da gona.

Sai a nan muka tuna abin da aka taɓa koya mana a darasin labarin ƙasa, muka haddace don jarrabawa muka manta. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda taki da kiwo da bishiyoyin da ake bari a cikin gona. Ku ƙara da rabon gado, wanda ke tsaga gonar uba tsakanin 'ya'ya, ta jikoki ta ƙara tsagewa. A irin wannan wuri taku biyar na ƙasa abinci ne. Mu da muka zo daga birni muna ganin kore ko'ina, mun ɗauka fili ne a banza.

A rana ta uku mataimakin shugaban makaranta ya kira mu ofis. Ya ce, "Kun je wurin mai unguwa?" Muka ce a'a. Ya riƙe baki. Ya ce, "To wa kuke so ya karɓe ku? Samari uku da babur, ba wanda ya san daga inda kuka fito. Da ɗan gari akan ci gari." Bayan la'asar ya raka mu da kansa.

Mun tarar da mai unguwa a kan buzu a ƙofar gidansa. Muka cire takalma muka durƙusa, muka ce ranka ya daɗe. Bai yi maganar ɗaki ba sai da ya tambayi unguwannin da muka fito, da sana'ar iyayenmu, da ranar da za mu tafi. Sannan ya ce a kawo takardun babur. Allah ya taimake mu Yaya ya cusa mana rasit da takardar lamba a cikin leda. Mai unguwa ya sa ɗansa ya kwafe lambar a wani littafi, ya ce za a sanar da 'yan sintiri, don kada su gan mu da shi su ɗauka na sata ne, kada kuma su ga wani da shi su ɗauka namu ne ya ba shi. Daga nan ya haɗa mu da yaro ya ce a kai mu gidan wani dattijo a gabashin gari.

Wannan dattijo shi ne muke kira Baba har yau. Gidansa irin ginin da ne: zaure, sai wani ɗan sarari, sai shigifa, sannan cikin gida inda iyali suke, inda baƙo namiji ba ya shiga. A ɗan sararin nan akwai ɗakin da babban ɗansa ya zauna kafin ya yi aure. Gefe guda kuma ga wata rumfar kara, da turke a kafe a tsakiya, da 'yar ƙofar kwano a jikin katanga da ke fita waje kai tsaye. Rumfar jakinsa ce. Ya ce shekara biyu ke nan da ya sayar da shi ya yi wa matarsa magani, kuma sayen wani ya gagara, don jakuna sun yi tsada tun da aka fara kwasarsu ana yankawa saboda fatar da ake kaiwa ƙasar Sin. Ya shafa turken ya ce, "Wannan ƙofa an yi ta ne daidai jaki da mangalarsa. In ya wuce, naku ma zai wuce." Muka gwada, ya shige kamar don shi aka yi ta.

Muka yi ciniki a kan naira 4,000 a wata. Da muka tambayi kuɗin rumfa, sai Baba ya ce, "Malamai, kuɗin ɗaki zan karɓa. Rumfa aro na ba ku. Amma ku sani, in an yanke dawa zan buƙaci abata." Ya gindaya nasa sharuɗɗan: a kashe inji tun daga waje a turo shi, kada a firgita awaki, kada a tashi masu barci; bayan sallar isha a sa sakata; kuma duk wanda ya kawo baƙo ya fara gabatar da shi. Ba a rubuta komai ba. Yaron mai unguwa da wani maƙwabci su ne shaidu, aka shafa fatiha.

Makonni biyar muka yi lafiya lau. Kullum da asuba in mun fito, mukan tarar an rufa wa babur tsohon buhu saboda raɓa, ba mu taɓa ganin mai rufawar ba. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, mukan tambayi Baba ko akwai saƙo, mu sayo masa gishiri ko goro. Aro kuwa an nema ba sau ɗaya ba, muna ba da haƙuri muna cewa ba namu ba ne.

Sai wani dare a ƙarshen Oktoba, wajen ƙarfe ɗaya, muka ji ana buga mana ƙofa. Baba ne da tocila, bayansa ɗansa, daga cikin gida kuma muna jiyo kukan mata. Jikansa ɗan shekara uku ne zazzaɓi ya yi wa tsanani har ya fara jijjiga. Mai acaɓan da ke kusa ya tafi biki wani gari, na biyun kuma babur ɗinsa na wurin gyara. Baba bai roƙe mu ba. Cewa ya yi, "Na san amana ce a hannunku. Na zo ne dai in faɗa muku halin da ake ciki."

Muka kira Yaya sau uku, wayarsa a kashe. Ko da mun ce ɗayanmu ya tuƙa, ba mu san hanyar rairayin nan da dare ba, kuma uwar yaron ce za ta riƙe shi a baya. Wanda ya san hanya shi ne uban yaron. Ma'ana sharaɗi na biyu da na uku za su karye a lokaci guda. Ba za mu yi muku ƙarya ba, mun yi jim. Lefen Yaya ya faɗo mana a rai, da labaran ƙwacen babur da muke ji, da fuskar da za mu kalle shi da ita in wani abu ya faru. Shirun bai fi na numfashi biyar ba, amma har yau muna jin kunyarsa. Ƙanen Yaya ne ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli ya miƙa.

Ba wanda ya koma barci. Muka zauna a zaure tare da Baba, yana jan carbi, mu muna kallon waya. Sai bayan an idar da sallar asuba kira ya shigo daga Babban Asibitin Ɗambatta: zazzaɓin cizon sauro ne, an yi wa yaron allura an sa masa ruwa, jijjigar ta tsaya. Da hantsi uban ya dawo da babur, ya wanke shi tas, ya ƙara masa mai.

Saura Yaya. Ɗayanmu ya kawo shawarar a yi shiru, tunda ba abin da ya samu babur. Muka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe muka ga in muka ɓoye, to a nan ne muka ci amanar da gaske. Muka kira shi muka faɗa masa komai. Ya yi shiru har muka ɗauka layin ya katse. Sannan ya ce, "Yaron ya tashi?" Muka ce ya tashi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da kun hana, da ni da ku ne. Amma wannan ba lasisi ba ne, ranar da na ji an hau shi zuwa kallon ƙwallo zan zo in ɗauke abina." Muka ce mun ji, Yaya.

A tsakiyar Nuwamba aka fara yankan dawa, ranar da Baba ya faɗa mana tun farko ta zo. Dammuna suka fara shigowa a amalanke, harawa ta hau kan rufin ɗakuna da rassan bishiyoyi, rumfar jaki kuma ita ce inda dawar za ta jira kafin a zuba a rumbu. Baba ya kasa faɗa mana, sai kewaye-kewaye yake yi. Mu muka same shi muka ce mun tuna alkawari. Saura mako huɗu mu gama, ga shi mun koma gidan jiya.

Washegari da yamma muna zaune, sai ga dattijon nan mai kaurin murya, wanda ya ce babur ba zai kwana a zaurensa ba. Ya zo da wani faffaɗan katako a kafaɗa. Ya ce mu biyo shi. Ya ɗora katakon a kan dokin ƙofarsa, ya ce a tura. Babur ya haye ya shige zaure, muka jingine shi kusa da buhunan gyaɗa. Ɗayanmu ya kasa haƙuri ya ce, "Baba, amma da farko ka hana mu." Ya dube mu ya ce, "Da farko na san ku? Duk abin da ya kwana a zaurena, a wuyana ya kwana. In ya ɓace, me zan ce wa mai shi? In kuma na sata ne aka biyo sawu, me zan ce wa hukuma? Yanzu kuwa na san ko ku su wane ne."

Wannan magana ta warware mana abin da muka kasa ganewa tun ranar farko. A birni mun saba ka biya mai gadi 'yan kuɗi ka ajiye abin hawanka, ba ruwansa da sunanka. A ƙauyen nan wanda ya ba ka wurin ajiya ya ɗauki nauyin kayanka ne, da mutuncinsa a gaban mai unguwa da maƙwabta. Shi ya sa Baba ya ƙi karɓar kuɗin rumfa, shi ya sa maƙwabcinsa ya ƙi ƙarin kuɗin da muka yi masa tayi. Mu kuma muka yi musu fassarar rowa.

A watan Disamba muka mayar wa Yaya babur ɗinsa, da ƙullin gyaɗa da wake da mutanen gidan suka ɗaure a baya. Ya zagaya shi sau biyu yana duba taya, bai samu abin cewa ba.

Ƙannenmu, nan da 'yan shekaru wasunku za su bar gida, ko karatu, ko koyon sana'a, ko hidimar ƙasa, su sauka a garin da ba su san kowa ba. In hakan ta zo, ku fara da gaida mai unguwa kafin ku fara neman ɗaki, kuma ku nemi ɗan gari mai mutunci ya gabatar da ku. In kuna da abin hawa, ku riƙe takardunsa, ku duba faɗin ƙofa da tsayin dokinta kafin ku biya ko sisi, kuma kada ku kwana ɗaki ɗaya da tankin fetur. Ku tambayi abin da ake yi da wurin idan kaka ta yi. Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai, a yi shi a gaban shaidu. In kuma aka hana ku wani abu, ku tambayi dalili kafin ku yanke wa mutane hukunci, don mu sai da muka yi wata biyu muna riƙe da dattijon kirki a zuci a kan laifin da bai yi ba.

Wasunku kuma 'yan irin waɗannan garuruwa ne, a gidajenku baƙi irinmu ke sauka. In kun ga sabon malami yana zagaye gari yana tura babur yana zare ido, ku taimaka ku nuna masa ƙofar gidan mai unguwa. Jikan Baba yana nan lafiya, an ce har ya fara bin yayyensa makarantar allo. Allah ya saka wa mutanen garin da alheri, ya ba ku sa'ar karatu.